Kamanni ko asali? Sunan ƙabila cikin bayanin wanda ake tuhuma a ƙasar Ƙwanni da Adar

1. Gabatarwa

An daɗe ana muhawara a Turai da Amurka a kan wata tambaya: idan ƴan sanda suna neman mai laifi, suka ambaci launin fatarsa cikin bayanin kamanninsa, shin wariya suka yi, ko kuwa aikinsu na bincike kawai suka yi? Masu goyon baya suna cewa launi abu ne da ido ke gani kamar tsawo ko tabo, don haka ɓoye shi rage wa bincike ƙarfi ne. Masu suka kuwa suna cewa da zarar an ce «baƙar fata ne», an ba da izinin tare duk baƙar fatar da ke kan hanya.

Cikin wannan takarda muna so mu kawo tambayar gida, mu auna ta da tarihin ƙasar da ta haɗa gundumomin Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela cikin jihar Tawa. Da farko mutum zai ce tambayar ba ta shafe mu ba, tun da mai laifi da mai shaida da jandarma duka baƙaƙen fata ne. Amma kalmar «race» ta yi shekaru da dama tana cikin takardun hukuma na wannan yanki, kuma abin da ake rubutawa a gabanta shi ne Bahaushe, Bafillace, Buzu ko Ba'abzine. Ke nan abin da launi yake yi a Faris ko Niyok, sunan ƙabila ne yake yin sa a Ƙwanni.

Ra'ayin da za mu kare shi ne wannan. Amfanin bayanin kamanni shi ne ya rage yawan waɗanda ake zargi har a kai ga mutum ɗaya. Sunan ƙabila a wannan yanki yakan yi akasin haka, domin ba abu ne da ido ke gani ba, fassara ce da mai kallo ke yi wa rawani, harshe, sana'a ko zanen fuska, kuma fassarar tana ɗauke da tsohon tarihin bauta da haraji da yaƙi. Za mu bi wannan tarihi daga zamanin da ya gabaci zuwan Nasara har zuwa shekarun nan na ƴan bindiga.

2. Kafin zuwan Nasara: zane, cigiya da shaida

Ƙasar da muke magana a kanta mahaɗa ce tun asali. Akwai Ƙwannawa da Gobirawa, akwai Adarawa waɗanda sarautarsu ta Illela ta samo asali daga Agabba ɗan sarkin Agadas a ƙarshen ƙarni na 17, kamar yadda Djibo Hamani ya bayyana cikin littafinsa na 1975 a kan Adar. Akwai Arawa daga yamma, akwai Fulani makiyaya, akwai kuma Abzinawan Kel Geres da mutanensu. A irin wannan wuri sanin wane ne wane ba wasa ba ne, kuma jama'a sun tanadi hanyoyinsu.

Hanya ta farko ita ce zanen fuska. Bagobiri ana gane shi da zane shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Ba'are kuma da dogayen zane biyu daga gefen baki zuwa kunne. Wanzami ne ke yin zanen tun yaro yana jariri, kuma a zamanin hare-haren bayi yakan taimaka a gane ɗan gida idan an same shi a hannun wasu. Sai dai zane ba ya faɗin dukkan gaskiya. Ɗan bawa da aka haifa a gida ana iya yi masa zanen ubangijinsa, gidajen malamai da yawa kuma ba sa yin zane sam.

Hanya ta biyu ita ce cigiya. Idan raƙumi ya ɓace, ko yaro, ko bawa ya gudu, mai shela yakan zaga kasuwa yana faɗin kamanni: dogo ne ko gajere, fari ne ko baƙi ko wankan tarwaɗa, yana da wushirya, yana ɗingishi. Ya kamata a lura cewa «fari» a bakin Bahaushe ba ya nufin wani jinsi, yana nufin mutumin da fatarsa ta fi ta maƙwabtansa haske, kuma uwa ɗaya tana iya haifar fari da baƙi.

Ta fuskar shari'a, malaman Malikiyya, irin su Ibn Farhun cikin Tabsirat al-Hukkam, sun kasa wanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Ma'aunin a nan halin mutum ne shi kansa. Duk da haka ba za mu ce zamanin ya kuɓuta daga hukunci da sunan jama'a ba. A 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu, cikin amsar da ya ba mutanen Tuwat, ya yi watsi da ra'ayin cewa baƙar fata dalili ne na bauta, amma sai ya jera sunayen al'ummomi, waɗannan Musulmi ne ba a bautar da su, waɗancan kuma ana iya bautarwa. Ya cire launi, ya sa sunan ƙasa da ƙabila a gurbinsa. Wannan musanya za mu sake haɗuwa da ita.

3. Layin «race» cikin takardun mulkin mallaka

Ƙwanni ta san Faransawa da wuta, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone birnin a watan Mayu 1899. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin da'irar mil 100 daga Sakkwato, sai yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka mayar da iyaka kudu, kwamitin Tilho da O'Shee kuma ya kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Aikin wannan kwamiti bai tsaya ga awon ƙasa ba. Tafintansa Landeroin ya tattara tarihin sarautu da asalin al'ummomi, likitansa Gaillard kuma ya auna jikin mutane. A hayin Ingilishi, Tremearne ya buga zanen fuskoki iri-iri a wata mujalla a 1911, kowane da sunan ƙabilar da aka jingina masa. Nasara yana son ya karanta asali a fuska kamar yadda ake karanta lamba a takarda.

A wannan zamani aikin ƴan sanda a Turai yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta Alphonse Bertillon, wanda ya fara awon gaɓoɓin fursunoni a Faris a 1882, ya kuma tsara yadda za a siffanta kunne da hanci da goshi dalla-dalla, domin a bambanta mutum ɗaya da sauran mutane duka. Ofishin zanen yatsa da aka buɗe a Kalkata a 1897 shi ma wannan ce manufarsa. Hanya ta biyu ita ce ta dokar Ingilishi ta 1871 a Indiya, wadda ta ayyana wasu ƙabilu ɗungurungum a matsayin masu laifi tun daga haihuwa. Faransa ma ta bi ta a gida, da dokar 16 ga Yuli 1912 wadda ta tilasta wa masu yawo, musamman Tsigan, riƙe littafin awon jiki, har zuwa 1969.

A bariki irin ta Ƙwanni ko Madawa ko Tawa, inda kwamanda ɗaya da tafinta da ƴan gardi kaɗan ke riƙe da dubban mutane, hanya ta biyu ta fi sauƙi da arha. Littafin ƙidaya, takardar ɗaukar soja, rajistar gidan kaso da hukuncin kotunan ƴan ƙasa da dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa, duka sukan nemi suna, sunan uba, gari, da «race». Bugu da ƙari, hukuma ta raba jama'a gida biyu wajen mulki: mazauna suna ƙarƙashin sarkin kanto, makiyaya suna ƙarƙashin shugaban rukuninsu. Manomi da makiyayi suna shan rijiya ɗaya, amma sunayensu na cikin littattafan haraji daban. Sunan ƙabila ya tashi daga abin da ake tattaunawa a kasuwa da wasan barkwanci, ya koma layin takarda wanda ba ya gogewa.

Abin da ya sa layin ya zama haɗari shi ne dokar «indigénat». Tun daga 1887 kwamanda na iya ɗaure ɗan ƙasa har kwana 15, ya ci shi tarar faran 100, ba tare da shari'a ba, dokar 21 ga Nuwamba 1904 kuma ta ba da damar cin tarar gari ko rukuni baki ɗaya. Inda ake iya hukunta jama'a gaba ɗaya, babu mai wahalar da kansa wajen neman mutum ɗaya. Labarin Satiru, kusa da Sakkwato, ya nuna haka a hayin Ingilishi. Saibu Ɗan Makaho, wanda ya gudo daga ƙasar Faransawa bayan boren Kobkitanda, mutum ne da lakabinsa kaɗai ya isa cigiya. Duk da haka a watan Maris 1906 garin baki ɗaya aka shafe, aka kashe mutane wajen 2,000. A hayinmu, bayan yaƙin Galma na 1901 da boren Kawusan na 1916 zuwa 1917, mai rawani da takobi ya zama abin zargi a idon bariki ko da bai yi kome ba. Sai a 1946 aka soke «indigénat» da kotunan laifi na ƴan ƙasa.

4. Matsalar sunan «Buzu»

Babu kalmar da ta fi nuna raunin wannan layi kamar «Buzu». A bakin Bahaushen Kano tana iya nufin duk mai jin Tamashek, har da maigadin da ke bakin ƙofa. A Adar kuwa tana ɗauke da ma'ana ta biyu, watau wanda kakanninsa bayin Abzinawa ne ko barorinsu. Mutum na iya zama baƙi wuluk a kira shi Buzu, wani kuma ja ne a kira shi da sunan nan. Benedetta Rossi, wadda ta daɗe tana bincike a Adar kuma ta buga littafinta a 2015, ta nuna yadda iyalai da yawa suka bar Tamashek suka koma Hausa cikin tsara ɗaya ko biyu, ta hanyar noma da cin rani da zama cikin gari, har jikokinsu suka zama Adarawa. Dokar 12 ga Disamba 1905 da ta hana cinikin bayi a Afirka ta Yamma ta Faransa ta buɗe wannan hanya, ko da yake a hankali aka bi ta.

Idan haka ne, mai shaidar da ya ce «Buzu ne ya sace mini raƙumi», me ya gani? Wataƙila rawani ya gani, wanda kowa na iya naɗawa, ɓarawo ma ya fi kowa bukatarsa. Wataƙila karin harshe ya ji. Wataƙila kuma bai ga kome ba, ya dai san cewa satar raƙumi a garinsu da wannan suna ake kiranta. Jami'in da ya rubuta kalmar ya haɗa abin da aka gani da abin da aka zata cikin layi ɗaya, kuma mai karanta takardar daga baya ba shi da hanyar raba su.

Bayan mulkin kai kalmar «race» ta ja baya, «coutume», watau al'ada, ta zauna a wurinta. Tana da dalilinta na shari'a, domin dokar 16 ga Maris 1962 ta umurci kotuna su yi aiki da al'adar masu ƙara a sha'anin aure, gado da gona. Amma shari'ar Hadijatou Mani, wadda ta faro daga kotun Ƙwanni a 2006, ta nuna abin da ke ɓoye a ƙarƙashinta. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan jaka 240 na sefa, a matsayin wahaya. Da ta sami takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗauri bisa laifin aure kan aure. Hukuncin kotun CEDEAO na 27 ga Oktoba 2008, wanda ya kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ya gabatar da ita a matsayin mai al'adar Buzaye, wanda ya saye ta kuma mai al'adar Hausa. Sunayen biyu a nan matsayi suke faɗa, wane ne ake saye, wane ne ke saye. Saboda haka duk takardar ƴan sanda da ta rubuta «Buzu» a wannan yanki ta faɗi abin da ya wuce kamanni, ko marubucinta ya nufa ko bai nufa ba.

5. Daga Cintabaradan zuwa Toda

Dokar laifuka ta Nijar ta 15 ga Yuli 1961, a sashenta na 102, ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga duk wanda ya nuna wariyar jinsi ko ta ƙabila. Amma shekarun farko na 1990 sun nuna cewa doka ba ta isa ta goge al'adar bariki ba.

A watan Mayu 1990 wasu matasa Abzinawa suka kai hari a ofishin jandarmomi na Cintabaradan, a arewacin jihar Tawa. Maharan ƙalilan ne. Martanin sojoji kuwa ya faɗa kan rugage da rijiyoyi, aka kama aka kashe fararen hula waɗanda abin da ya haɗa su da maharan shi ne harshe da kama. Gwamnati ta yi maganar gommai, ƙungiyoyin Abzinawa suka yi maganar ɗaruruwa, kuma Babban Taron Ƙasa na 1991 ya saurari batun. A ƙarshen watan Agusta 1992, bayan kashe wani jami'in ƴan sanda a Agadas, ƙananan sojoji suka kama mutane fiye da 180, kusan dukkansu Abzinawa, har da manyan ma'aikatan gwamnati, ba tare da takardar alƙali ba. Tawaye bai mutu da wannan kame ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995.

Ba hukuma kaɗai ke yin wannan lissafi ba. A Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba 1991, rikicin gona ya kai manoma ga kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A Bangi, cikin gundumar Madawa da ke maƙwabtaka da mu, a watan Nuwamba 2016, mutuwar manomi ɗaya ta jawo kisan mutum 18 a ƙalla. A duk waɗannan wurare akwai laifi na farko, kuma akwai wanda ya aikata shi, mai suna da fuska. Abin da ya faru shi ne an tsaya a kan sunan ƙabilarsa, aka bar nemansa shi kansa. Hausawa suna cewa kama da wane ba wane ba ne, amma ranar fushi ba a tuna karin maganar.

6. Abin da muhawarar waje ke ƙara mana

Shari'ar da ta fi fito da tambayar fili ta faru ne a Oneonta, wani ƙaramin gari a jihar Niyok, a 1992. Wata tsohuwa ta ce wani saurayi baƙar fata ya far mata, kuma tana jin ya yanke a hannu. Ƴan sanda suka karɓi sunayen ɗalibai maza baƙaƙe 125 daga jami'ar garin, suka tare baƙaƙen fata fiye da 200 a titi suna duba hannuwansu. Ba a kama kowa ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce wannan bai saɓa wa ƙa'idar daidaito ba, tun da bayanin daga bakin wadda aka zalunta ya fito. A ganinmu kotun ta amsa rabin tambayar ne kawai. Gaskiya ne tsohuwar ba ta yi wariya ba da ta faɗi abin da ta gani. Amma a garin da baƙaƙe ƴan tsiraru ne, kalma ɗaya ta isa ta mayar da su duka abin zargi, alhali da ta ce farar fata ne, babu wanda zai tare dukkan fararen garin.

Faransa, wadda muka gaji tsarin ƴan sandanta, tana alfahari da cewa dokarta ba ta san jinsi ba, kuma dokar 6 ga Janairu 1978 ta taƙaita tattara irin waɗannan bayanai. Duk da haka kundin Canonge, wanda wani sufeton ƴan sanda ya ƙirƙiro a Marsai a 1950, ya kasa waɗanda ake nema zuwa nau'o'i, har suka kai 12 bayan an shigar da shi kwamfuta. Binciken Fabien Jobard da René Lévy na 2009 a tashoshin Faris ya gano cewa ana tare baƙar fata kusan sau 6 fiye da farar fata, Balarabe kuma kusan sau 8. A ranar 9 ga Nuwamba 2016 kotun ƙoli ta Faransa ta tabbatar da laifin gwamnati a kan tare mutane saboda kamanninsu kawai.

Darasi biyu muke ɗauka daga nan. Na farko, akwai bambanci tsakanin bayanin da ya biyo bayan laifi sananne, daga bakin ganau, da zargin da ya riga laifi, wanda ke cikin kan jami'i tun kafin ya fito aiki. Na biyu, ko bayanin ganau ma yana bukatar awo. Cikin mutum 375 da gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke a Amurka daga 1989 zuwa 2020, kusan kashi 70 cikin 100 kuskuren mai shaida ne ya taimaka wajen ɗaure su, kuma masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa mutum ya fi yin kuskure idan fuskar ba ta jama'ar da ya saba da su ba ce.

7. Iyakar Ƙwanni a zamanin ƴan bindiga

Tun daga wajen 2017 satar shanu da garkuwa da mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato zuwa kudancin Maraɗi da Tawa. Rahoton da ƙungiyar International Crisis Group ta fitar a watan Afrilu 2021 a kan kudu maso yammacin Nijar ya yi gargaɗi cewa ɗora laifin a kan Fulani baki ɗaya, tare da kafa ƙungiyoyin sa-kai na ɓangare ɗaya, na iya tura matasan makiyaya hannun masu makamai. Ba ma musun cewa da yawa daga ƴan bindigar Fulani ne. Amma makiyaya su ne na farko da ake kwashe wa shanu, kuma masu kai rahoto da dillalan shanun sata da masu sayar da man babur suna fitowa daga kowace ƙabila. Bayanin da ya tsaya ga «Fulani ne» ya kama wanda aka zalunta, ya saki ɗan gari da ya nuna gidan.

Sunan ƙabila yana iya rufe ido ta ɗaya fuskar kuma. A ƙarshen 2018, da mazauna Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato suka kai ƙarar wasu baƙi masu makamai, rundunar ƴan sandan jihar ta ce makiyaya ne da suka zo neman ruwa da ciyawa. Sai a watan Nuwamba 2024 rundunar sojan Najeriya ta bayyana su a matsayin ƙungiyar ta'adda, da sunan Lakurawa. Kalmar «makiyayi» da ke jawo wa marar laifi kame, ita ce ta zama wa mai laifi mayafi.

Kada kuma Bahaushe ya ɗauka cewa shi yana gefen masu siffantawa har abada. A ƙarshen watan Maris 2025, a Uromi cikin jihar Edo, ƴan sa-kai suka tare motar mafarauta Hausawa da ke komawa Kano don yin salla, suka ga bindigogin farauta, jama'a suka kashe 16 daga cikinsu da sunan masu garkuwa da mutane. Dubban ƴan Adar da Ƙwanni da ke cin rani a Legas, Abijan ko Libiya sun san cewa tafiyar kwana biyu ta isa ta mayar da ɗan gari «irin mutanen nan».

8. Kammalawa

Tambayar da muka fara da ita ba ta da amsa ɗaya ta i ko a'a, amma tarihin da muka bi ya ba mu ma'auni. Faɗin cewa wanda ake nema fari ne, dogo, mai zane a kunci, yana Hausa da karin Tamashek ko na Fillanci, yana kan jan babur, wannan cigiya ce, kuma kowane ƙarin bayani yana rage yawan waɗanda za a tare. Rubuta «Buzu» ko «Bafillace» shi kaɗai kuwa yanke hukunci ne a kan asali, wanda ganau bai gani ba, kuma yana faɗaɗa zargi zuwa ruga ko unguwa baki ɗaya. A yankin da sunan ke ɗauke da tabon bauta, cutarwar ta ninka.

Daga nan muke ba da shawara cewa mai ɗaukar bayani, jandarma ne ko ɗan sanda, idan mai shaida ya ambaci ƙabila, ya tambaye shi da me ya gane, ya rubuta amsar da kalmomin mai shaidar, ya kuma bambanta ganau da jiyau. Haka nan bai kamata sunan ƙabila shi kaɗai ya zama dalilin kame ko bincike a ruga ba, kuma gidajen rediyo masu watsa sanarwar hukuma da Hausa suna da nasu alhaki wajen zaɓen kalma.

Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, aikin da ke gaba a fili yake. Rajistar gidan kaso da hukunce-hukuncen kotunan Ƙwanni, Madawa da Tawa da ke Gidan Adana Takardun Ƙasa a Yamai suna bukatar wanda zai bi su shekara bayan shekara, ya ƙidaya sunayen da aka rubuta a layin «race», ya duba lokacin da «coutume» ta karɓe shi, ya kuma gwada su da abin da tsofaffin wanzamai, masu shela da jikokin tafintoci ke tunawa. Ta haka ne za mu san ko iyali ɗaya ya canza suna cikin takarda daga kaka zuwa jika, da kuma wanda ya canza masa.